Makulli biyu a hannu, ƙofa ta ƙi buɗuwa

Masu iya magana na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ban taɓa ganin gaskiyar wannan magana ƙuru-ƙuru ba sai a makonnin da na shafe ina kai-kawo tsakanin wasu dattawa biyu da iyalan wani mamaci, a kan wata dukiya da kowa ke ganinta da idonsa a fuskar kwamfuta, amma babu mai ikon taɓa ta. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta labarin, domin ba nawa ba ne ni kaɗai. Sai da na nemi izinin waɗanda abin ya shafa, suka amince bisa sharaɗin kada in ambaci sunan kowa, kada kuma in faɗi yawan kuɗin. Abin da kawai zan iya gaya wa mai karatu shi ne, kason marayun da ke ciki ya isa ya saya musu gidan zama.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa tun ban san kaina ba. Shekarun baya shi da wani amininsa, wanda zan riƙa kira Alhaji, da wani matashi da ya taso a gabansu har ya zama abokin ciniki, suka haɗa jari suna sayo kaya daga waje. Wahalar samun dala da faɗuwar darajar naira suka sa matashin, wanda shi kaɗai ne a cikinsu ya saba da kwamfuta, ya ba su shawarar su riƙa ajiye wani ɓangare na jarin a kuɗin intanet ɗin nan da ake kira Bitcoin. Ko lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto a watan Fabrairun 2021 ba su fasa ba, har aka janye hanin a watan Disambar 2023. Ko dabara suka yi ko ganganci, ba shi ne abin da ya kawo ni yau ba.

Da yake dukiyar ta mutum uku ce, matashin ya buɗa musu irin lalitar da ba a fitar da kuɗi daga cikinta sai da sa hannun mutum fiye da ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai ya san irin wannan tsari: ga shugaba, ga sakatare, ga ma'aji, banki ba zai biya caki ba sai biyu daga cikinsu sun sa hannu. Haka suka yi, makulli uku, kowa da nasa, kowane biyu suka haɗu sun isa. Kowannensu yana da wata 'yar na'ura mai kama da filas wadda makullinsa ke ciki, da kuma takarda mai ɗauke da kalmomin Turanci 12 da za a iya sake haifar da makullin da su idan na'urar ta ɓata. A gaskiya yaron ya yi tunani. Yakan ba su labarin wani ɗan ƙasar Kanada mai suna Gerald Cotten, shugaban kamfanin musayar kirifto na QuadrigaCX, wanda ya mutu a Indiya a watan Disambar 2018, kamfanin ya fito ya ce shi kaɗai ke riƙe da makullan ajiyar dubban mutane. Ko da yake binciken hukumar hada-hadar hannayen jari ta lardin Ontario ya nuna a 2020 cewa an riga an yi sama da faɗi da yawancin kuɗin tun mutumin yana raye, darasin da matashin ya ɗauka daidai ne: kada makulli ya zama a hannun mutum guda. Ya sha gaya musu cewa ko yau ya faɗi ya mutu, su biyun sun isa su buɗe.

Sai ga shi Allah Ya ƙaddara shi ne zai riga su. Haɗarin mota ya yi a hanyarsa ta dawowa daga wata tafiya, kwamfutarsa da na'urarsa suna cikin jakar da ba a sake gani ba. An bincike ɗakinsa ciki da bai, ba a ga takardar kalmominsa ba.

Bayan an share makoki, magana ta zo kan gado. Alhaji ya sa wani ɗansa ya jona na'urarsa a kwamfuta, ya buɗe da wata manhajar lalita. Sifili. Aka ɗauko ta Kawu, ita ma sifili. Daga nan fa Shaiɗan ya samu kujera. Alhaji ya fara cewa a ransa ko Kawu da marigayi sun haɗa makullansu sun kwashe, Kawu ya fara zargin irin wannan a kan Alhaji, dangin mamacin kuwa suka zargi dukkansu biyun. Mutanen da suka yi shekara fiye da 30 suna cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaisawa a tsaitsaye. A wannan hali ne Kawu ya aiko a kira ni, da yake aikin kwamfuta nake yi. Ina durƙusawa ya ce, "Kai, ɗana, ka zo ka fitar da ni kunya. Wallahi ban ci ƙwandalar maraya ba." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, mu fara ganin ko kuɗin ma sun motsa."

Wannan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Kundin Bitcoin a buɗe yake ga kowa tun da aka fara shi a watan Janairun 2009, duk wanda ya san adireshi zai iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Na sa suka lalubo adireshin da suka taɓa tura wa abokan ciniki, na bi sawun shige da ficen ɗaya bayan ɗaya, sai ga kuɗin nan zaune, rabon da a taɓa su tun kafin rasuwar. Na bayyana musu cewa sifilin da suka gani ba na lalitarsu ba ne. Makulli guda yana iya buɗe ɗakuna da yawa, manhajar da yaron Alhaji ya yi amfani da ita ta leƙa ɗakin mutum ɗaya ne, wanda ba a taɓa ajiye komai a ciki ba, ba ta ma san da akwai ɗakin tarayya ba. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙa wa Kawu hannu. Kafin in ci gaba na kafa sharaɗi: ba zan taɓa komai ba sai yayan marigayi, wanda magada suka wakilta, yana zaune, kuma babu wanda zai nuna mini kalmominsa 12, ni kaina ban yarda in gan su ba.

Na ɗauka a daren za mu gama. Ashe ko farawa ba mu yi ba.

A nan nake roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin a nan gizo ke saƙar. Kowane makullin sirri yana da abokin tagwaici da ake kira makullin fili, wanda ake lissafo shi daga na sirrin, amma ba a iya komawa baya daga na fili zuwa na sirri. Lokacin da aka ƙulla lalita irin tasu, ana rubuta wata 'yar takardar sharaɗi ne wadda ke cewa: ana buƙatar sa hannu biyu, ga makullan fili na mutum uku nan a jere. To, ita wannan takarda ba a ajiye ta a kundin Bitcoin. Abin da ake ajiyewa zanen yatsanta ne kawai, wato wata gajeriyar lamba da ake matsowa daga cikinta ta hanyar lissafi, kuma ita ce ke zama adireshin. Haka abin yake tun da aka shigo da ƙa'idar BIP 16 a 2012, wadda ta kawo adiresoshin da ke farawa da lamba 3, haka kuma yake a sabon salon SegWit da ya fara aiki a watan Agustan 2017. Ranar da aka zo fitar da kuɗi, dole mai fitarwa ya kawo takardar sukutum, a gwada ta da zanen yatsan, in sun dace sannan a duba sa hannu. Ma'ana, makullan sirri biyu kake buƙata don sa hannu, amma makullan fili uku kake buƙata don rubuta takardar da za a sa wa hannun. Na Kawu da na Alhaji muna iya fitar da su daga na'urorinsu. Na marigayi kuwa babu wani lissafi a duniya da zai fitar da shi daga nasu. Kamar a ce shaidu biyu sun hallara gaban alƙali a shirye su rantse, amma takardar yarjejeniyar da za su yi shaida a kanta ta ɓata, alƙali kuma hatiminta kaɗai ya riƙe.

Marigayi bai yi musu ƙarya ba da ya ce su biyun sun isa. Rabin maganar ya faɗa, ɗaya rabin yana cikin kwamfutarsa.

Binciken ya nuna mini ajiya iri biyu gare su. Akwai wani tsohon adireshi mai farawa da 3, wanda suka fara amfani da shi kafin su sayi na'urorin, lokacin da kowa ke riƙe da makullinsa a matsayin dogon jerin haruffa bugagge a takarda. Wannan adireshi sun yi ta maimaita shi, ana zubawa ana fitarwa. Masana suna hana yin haka saboda yana tona asirin mai dukiya, amma abin dariya, wannan kuskure shi ya cece su. Duk ranar da aka fitar da kuɗi daga adireshi, takardar sharaɗinsa takan bayyana a kundin har abada. Na je wata tsohuwar fitarwa na kwafo makullan fili ukun duka. Duk da haka da na haɗa su a manhaja sai ta ba ni wani adireshi dabam. Kwana na yi ina juya abin kafin in gano cewa manhajar tana jera makullan ne daga ƙarami zuwa babba, bisa ƙa'idar BIP 67 ta 2015, alhali tsohon adireshin ba a jera shi haka ba. Makulli uku hanya shida ake iya jera su, kowace hanya da adireshinta. Akwai kuma wani tarko: takardar Kawu da lamba 5 ta fara, ta Alhaji da harafin K. Mai farawa da 5 yana haifar da makullin fili na tsohon yayi ne, dogo, mai K ko L kuwa gajere, kuma idan aka sa gajeren a gurbin dogon zanen yatsan ya canja ke nan, ko da kuwa makullin sirrin bai canja ba. Da na bi takardar da ke kundin harafi bayan harafi, sai adireshin ya fito daidai. Muka sa hannu a kwamfutar da na cire daga intanet, kuɗin suka fita. Amma abin da ke wurin bai taka kara ya karya ba.

Uwar dukiyar tana sabuwar lalita, mai dogayen adiresoshi masu farawa da bc1q, haruffa 62 kowanne. A nan dabarar tawa ba ta yi aiki ba. Irin wannan lalita kowane adireshi da nasa makullan, domin babban makullin kowane mutum yana haifar da 'ya'ya barkatai, adireshi na farko ya ɗauki ɗan fari daga kowane gida, na biyu ya ɗauki mai bi masa, haka har illa masha Allahu. Adiresoshin da aka taɓa fitar da kuɗi daga cikinsu sun bayyana nasu makullan, amma ba a gano uba daga ɗa, ba a kuma gano ƙane daga wa. Kuɗin kuwa suna zaune ne a adiresoshin canji da ba a taɓa buɗewa ba. Abin da muke nema shi ne babban makullin fili na marigayi, wani jerin haruffa fiye da 100 da ke farawa da xpub ko Zpub. Ba ya iya fitar da ko sisi shi kaɗai, amma in babu shi an shiga uku.

Mako uku muka yi a haka. A tsakanin nan wani daga dangin mamacin ya kawo lambar wasu da suka ce su ƙwararrun ceto kuɗin kirifto ne, a tura musu kalmomi 12 na dattawan biyu da kuɗin somin-taɓi, cikin kwana biyu su buɗe. Na ce duk wanda ya tura ya yi wa dukiyar sallar gawa. Ban ji daɗin kallon da aka yi mini a ranar ba, domin ni da na hana ban kawo wata mafita ba.

Mafitar ta zo ne daga inda ban zata ba. Muna zaune ina tambayarsu ko marigayi ya taɓa ba su wata takarda ban da ta kalmomin, sai Alhaji ya ce, "Malam, akwai fa wani shirme da yaron nan ya taɓa turo mana a waya, haruffa ba kai ba gindi, ya ce mu ajiye. Ni na ɗauka wayarsa ce ta samu matsala." Kawu ya sauya waya har sau biyu tun daga lokacin, saƙon ya tafi. Ta Alhaji kuwa tana cikin durowa da fasasshen gilashi. Na kai ta kasuwar waya ta Farm Centre, na tsaya a kan mai gyaran har ya sauya gilashin, ban bari ta bar idona ba. Da muka kunna, ga saƙon nan, layi uku, kowanne ya fara da Zpub, a ƙasa ya rubuta, "Alhaji, don Allah a adana wannan." Yayan marigayi ya tashi ya fita waje, sai da ya jima ya dawo.

Shi kansa harafin Z babba ya ba ni haske, domin alama ce ta lalitar tarayya ta salon SegWit, wadda salsalar makullanta ke bin hanyar m/48'/0'/0'/2'. Wannan salsala ma wani ramin ce da mutane ke faɗawa, domin tsofaffin lalitoci sukan bi m/45', kuma makulli ɗaya idan ya bi hanya biyu 'ya'ya dabam-dabam zai haifa. Na'urar Kawu ta fitar da Zpub da ya dace da layi na biyu. Ta Alhaji kuwa ta fitar da wanda bai yi kama da ko ɗaya ba. Zufa ta karyo mini. Na tambaye shi ko marigayi yakan rubuta wani abu bayan an danna lambar sirrin na'urar, ya ce ƙwarai, yakan ce masa, "Alhaji, sunan autarka," sannan ya danna da kansa. Ashe ƙarin kalma ce aka ɗora a kan 12 ɗin. Mugun halin wannan kalma shi ne ba ta cewa ka yi kuskure, duk abin da ka rubuta za ta buɗe maka lalita, amma wata dabam, fanko. Mun gwada sunan da babban baƙi, mun gwada da ƙarami, mun gwada sunan yanka da na gida. A gwaji na biyar layi na farko ya fito cif.

Ko a nan ban yi gaggawa ba. Na haɗa lalitar kallo da makullan fili ukun, jimillar da ta nuna ta yi daidai da wadda na lissafa daga kundin. Na shirya fitar da ɗan abu kaɗan tukuna, a cikin irin fayil ɗin da ake kira PSBT, wanda aka tsara a 2017 don a riƙa kai cinikin da ba a gama sa wa hannu ba daga wannan mai makulli zuwa wancan. Na sa kowannensu ya karanta adireshin da kuɗin za su je a fuskar na'urarsa, ba a fuskar kwamfutata ba, harafi bayan harafi, yayan marigayi yana bi da yatsa a takarda. Alhaji ya fara ƙosawa, sai na ba shi labarin kamfanin Bybit, wanda aka sace wa kirifton Ethereum na kimanin dala biliyan 1.5 a watan Fabrairun 2025, alhali lalitar tasu ta sa hannun mutane da yawa ce. Ba a sace makullin kowa ba, fuskar kwamfuta aka sa ta nuna musu abu ɗaya, suka sa hannu a kan wani. Ya gyara tabarau ya ci gaba da karatu. Bayan 'yan mintoci gwajin ya shiga kundi, washegari muka fitar da sauran, aka kira malamin da zai raba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu koyar da matasanmu kirifto a tarurruka da dandalin sada zumunta suka mayar da magana ɗaya tamkar karatun allo: ɓoye kalmominka 12, shi ke nan. Ga lalitar mutum ɗaya maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga ta tarayya kuwa tauyayya ce, kuma tauyewar tana iya cinye dukiya. Akwai abin da ya kamata a ɓoye, akwai kuma abin da ya kamata a yawaita kwafinsa, wato bayanin lalitar kanta: sa hannu nawa ake buƙata, makullan fili na kowa, salsalar da aka bi, salon adireshi da yadda aka jera. Tun 2018 manhajar Bitcoin Core ta shigo da hanyar rubuta irin wannan bayani a layi guda, kuma yawancin lalitocin tarayya na yau suna iya fitar da shi a buga a takarda. Wanda ya tsinci takardar zai ga yawan dukiyarka, don haka ba ta liƙawa a bango ba ce, amma ba zai iya ɗaukar komai ba. Ina kuma ganin laifin dattawanmu da suke miƙa amanar fahimta gaba ɗaya ga yaro guda, su riƙe makulli a aljihu suna zaton sun riƙe iko. A banki, idan mai sa hannu ya rasu, akwai manaja, akwai takardar kotu, akwai wanda za a kai wa kuka. Nijeriya ta sanya kadarorin kirifto a ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari a dokar zuba jari ta 2025, amma babu dokar da za ta umarci lissafi ya buɗe abin da ya rufe.

Kawu da Alhaji sun sake ƙulla sabuwar lalita, yayan marigayi ne na ukunsu yanzu, yana juya wa marayun wani abu daga kasonsu. Ni na buga musu bayanin, kwafi uku. Ranar da na kai wa Kawu nasa, ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Wannan shirmen ne dai?" Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya kira uwargidansa ya miƙa mata, ya ce ta sa a akwatin da takardun gida suke, ta kuma gaya wa babban ɗansu inda take.